Gawayin Salkadamna: a ɗora ƙaramar tukunya tukuna

Shekara goma da 'yan kai ke nan da anka aza tubalin farko a Salkadamna, a 2014, zamanin shugaba Issoufou Mahamadou, anka ce za a gina tashar kuran, wato wutar lantarki, mai megawat 600 da gawayin ƙasar da Allah ya binne muna can arewa maso yamma da Tahoua. Duk ɗan Adar ya san wagga magana. Abin da ya sa na ɗauko ta yau wata hira ce da munka yi da kawuna mai lambun albasa wajen Galmi, yana ta kukan tsadar taki, sai na ce mashi, Kawu, ka san wannan gawayin da ake faɗi ana iya yin yuriya da shi? Ya daɗe yana dubana, ya ce ɗana, gawayi baƙi wuluk ya zama farin taki? Na ce ƙwarai kuwa, kuma ba yau anka fara ba.

Ga yadda abin yake. Ana zuba gawayin cikin wata rufaffiyar tukunyar ƙarfe mai zafin da ya wuce digiri 700, wasu ma har 1,400, a ba shi iskar oksijin 'yar kaɗan wadda ba ta isa ya ci wuta ya cinye, a haɗa mashi da tururin ruwa, to maimakon ya ƙone ya zama toka kamar a murhu sai ya saki wani gaz, haɗin haidurojin da kabon monoksaid. Shi wannan gaz ɗin in anka wanke shi ana iya tuƙa injin kuran da shi, ana iya yin metanol, wani sinadarin ruwa mai cin wuta, ana iya yin man mota ta hanyar da Fischer da Tropsch sunka gano a Jamus tun shekarun 1920, wadda kamfanin Sasol na Afirka ta Kudu yake aiki da ita tun 1955. In kuma anka haɗa haidurojin ɗin da naitirojin na iskar da muke shaƙa sai a samu amoniya, daga ita a yi yuriya. Ƙasar Sin mafi yawan yuriyarta daga kwal, wato gawayin ƙasa, take fitowa.

To ni ra'ayina shi ne, kada wani ya zo ya ruɗe mu da zanen wata ƙatuwar masana'anta ta biliyoyin sefa, mu fara da ƙaramar ta gwaji wadda za ta ci tan kaɗan a rana, a dasa ta nan kusa da ramin, a yi shekara biyu ko uku ana ciyar da ita gawayinmu ana rubuta duk abin da ya faru. Dalili kuwa, gawayi ba ɗaya ba ne. Na wani wuri toka ta yi mashi yawa, na wani danshi, na wani kibritu, kuma tukunyar da anka ƙera don gawayin Turai ko na Sin tana iya zuwa nan tokarmu ta narke a cikinta ta daskare ta toshe komai. Indiya ta sha wannan wahala don kwal ɗinta mai toka ne sosai, shi ya sa kamfaninsu na gwamnati BHEL ya tsaya ya gina 'yar ƙarama a Hyderabad wadda a 2021 take fidda metanol rubu'in tan kacal a rana, ƙasar da ke da burin sarrafa kwal tan miliyan 100 ta wannan hanya kafin 2030 fa, amma ba su ji kunyar farawa da rubu'in tan ba.

Kuma ko an yi gwajin sai an hau tsani a hankali. A Amurka, jihar Mississippi, akwai tashar kuran ta Kemper da anka gina don ta maida gawayi gaz, fasaharta an gwada ta a ƙaramin wuri a Alabama ta yi aiki, sai sunka yi tsalle guda zuwa babba, kuɗi ya yi ta hawa har dala biliyan 7.5, a 2017 sunka haƙura da gawayin sunka koma ƙona gaz na rijiya. Amurka ke nan mai kuɗi da injiniyoyi. Mu in haka ta same mu bashin har jikokinmu za su biya.

Na san masu cewa mun gaji da gwaji, kuran muke so yanzu, kuma wallahi ban ga laifinsu ba, duk wanda ya kwana Yamai ko Tahoua bayan da Najeriya ta yanke muna wuta a watan Agustan 2023 ya san abin da ake nufi da dogaro da maƙwabci, alhali wajen kashi 70 cikin 100 na wutarmu daga can take zuwa lokacin. Amma maganar kuran daban take, don ƙona gawayi a tafasa ruwa a juya inji abu ne da munka iya, SONICHAR, kamfanin gawayi na ƙasarmu, tana yin shi a Anou Araren kusa da Tchirozérine tun 1981 tana ba Arlit da Agadez wuta, ga kuma rana da ke gasa mu kyauta. Tukunyar gwajin ba za ta tare ma wannan aikin hanya ba. Ita tambayar da za ta amsa muna ita ce ko gawayinmu zai iya zama taki cikin farashin da manomin Galmi da na Ƙonni zai iya saye.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwa. Wagga sana'a tana shan ruwa da yawa, tururi ruwa ne, sanyaya inji ruwa ne, wankin gaz ruwa ne, kuma ruwan da ke fitowa daga wasu tukwanen yana ɗauke da kwalta da guba wanda in ya tsiyaya ƙasa rijiya ta lalace. Wanda ya san arewacin Tahoua ya san yadda makiyayi ke jan guga da raƙumi ko jaki tsawon igiya kafin ruwa ya hau, ya san mata nawa ke kwana bakin rijiya da bazara. Sai a gwaji ne za a auna lita nawa tan guda ke sha, a ga ko ana iya tace ruwan a maido shi, tun abin yana ƙarami ana iya tsaida shi. Masu cewa a kunna ma gawayin wuta can ƙarƙashin ƙasa a zuƙo gaz ɗin ba sai an haƙo ba, su tambayi mutanen Queensland a Ostareliya, gwaji ne ma anka yi kusa da Chinchilla ya gurɓata ƙasar noma, har jihar ta haramta hanyar a 2016. Wannan kam ban yarda a kawo muna ita ba ko da sunan gwaji. Ga kuma hayaƙin kabon da ke ɗumama duniya, mu da hamada ke ci kullum, shi ma a auna shi a faɗa muna gaskiya, duk da yake wani kaso nashi yana shiga cikin haɗin yuriyar.

Sannan dan Allah kada a kawo baƙi su kulle ƙofa su yi aikin su tafi da takardun. Muna da EMIG, makarantar injiniyoyin ma'adinai, a Yamai, muna da Jami'ar Abdou Moumouni, muna da Jami'ar Djibo Hamani nan Tahoua, ga tsofaffin ma'aikatan SONICHAR da sunka yi shekaru da hannunsu cikin gawayi, a sa ɗiyanmu su kwana bakin tukunyar, su ga ranar da ta toshe, su buɗe ta da kansu su gyara. Abin da anka auna kuma a buga shi a fili, a karanta a rediyo da Hausa da Tamajak, don mai garin da za a ɗebi ruwa ƙarƙashin gonarshi ya ji adadin da kunnenshi kafin a sa hannu a kan babbar kwangila.