Yadda na kwashe katangar tarihi a Vermont

A shekarata ta farko ta karatu a jihar Vermont da ke Amurka, na ga sanarwar wata ƙungiya mai kula da dazuzzukan da aka keɓe, tana neman masu aikin sa kai da za su share kufan wata tsohuwar gona da daji ya cinye. Da yake ni ɗan manomi ne daga wajen Funtuwa, kuma na yi gayya fiye da a ƙirga, sai na rubuta sunana ina jin cewa ranar nuna wa Turawa aikin gona ta zo.

Shugabar aikin wata dattijuwa ce mai furfura, wadda a zuciyata na laƙaba wa suna Gwaggo. Kafin a raba kayan aiki ta tsaya tana bayani: cewa wani mai suna William Jarvis ya shigo da tumakin merino, waɗanda ake kiwo domin ulunsu, garin Weathersfield a 1811, aka sare dazuzzuka domin kiwo, har a 1840 tumakin jihar suka haura miliyan ɗaya da rabi, sa'an nan farashin ulu ya faɗi, manoma suka yi ƙaura zuwa yamma, itatuwa suka dawo suka rufe kome. Na ji wannan duka. Abin da ban ji ba shi ne ƙarshen maganar, domin a lokacin hankalina yana kan wani almakashin sare rassa da aka miƙo mini, ina mamakin yadda za a tunkari daji ba adda.

Aka ba ni wani lungu ni kaɗai. Ina yaye ganyaye da saiwoyi sai na tarar da duwatsu jere, kore shar da gansakuka, sun tare wurin da ya kamata a ce fili ne. A gonar mahaifina, wanda ya bar dutse a kan hanyar garma ba ya cin tuwon dare da daɗin rai. Na tuɓe riga mai dogon hannu da safar hannu, na shiga kwasa ina tarawa a gindin wata bishiya, ina tumɓuke wata ciyawa mai ganye uku-uku da ta nannaɗe su. Cikin sa'a biyu na share kusan taku goma, wurin ya yi fes kamar za a yi shuka gobe.

Da Gwaggo ta iso, na tsaya ina jiran yabo. Ta dubi filin, ta dubi tarin duwatsun, ta cire tabarau ta goge, sannan ta tambaye ni cikin sanyin murya ina katangar take. A nan na fahimci cewa sanyin hunturu ne yake turo duwatsu daga ƙarƙashin ƙasa kowace shekara, manoman dā suna kwashewa suna jerawa a iyakar gona, kamar yadda mu muke barin gamba a kan iyaka. Abin da aka tara mu mu tono ke nan, ni kuwa na kwashe shi.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ai aikin da mai gonar ya yi na maimaita."

Ta ce haka ne, sai dai shi ya riga ni da kusan shekara 200, kuma ciyawar da na cika hannu da ita sunanta poison ivy.

Mun wuni mu huɗu muna mayar da duwatsun, ana juya kowanne domin gefen gansakuka ya kalli sama. Bayan kwana biyu hannuwana suka yi ƙuraje masu ruwa har gwiwar hannu, da ƙaiƙayin da ko karara ba ta kai shi ba. Da na kira mahaifina na ba shi labari, ya yi shiru, sannan ya tambaya ko nawa aka biya ni.