"Idona biyu," in ji matuƙin jirgi

Duk wanda ya taɓa kiran ɗan'uwansa da tsakar dare ya san wannan ƙaryar. Ka ce, "Barci kake yi ne?" ya ce, "A'a, idona biyu." Alhali tun daga amsa sallama ka gano shi: murya ta dushe, harshe ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya ja ta kamar danƙo. Mahaifiyata ba ta ma tsayawa tambaya, sai dai ta ce, "Koma ka kwanta, na kira ka da safe."

To wannan kunnen na iyaye mata shi masana ke son koya wa kwamfuta, ta saurari matuƙin jirgin sama ta gane ko barci na fizgarsa. Abin da take aunawa ba baƙo ba ne. Gaɓoɓi nawa yake furtawa a daƙiƙa, tsawon shirun da yake yi tsakanin kalmomi, in'inar da ba ya yi a da, da yadda murya ke daina hawa da sauka ta miƙe ɗoɗar. Sai a gwada da muryarsa ta ranar da ya ƙoshi da barci. A 2019 wasu masu bincike a Brazil sun wallafa irin wannan nazari a kan wani matuƙi da ya yi hatsari, suka tarar maganarsa ta ranar ta bambanta da wadda aka naɗa kafin nan. Dabarar ma ta kwana biyu: bayan jirgin dakon mai na Exxon Valdez ya yi karo a Alaska a 1989, masu binciken Amurka sun bi muryar kyaftin ɗin don neman alamar maye.

Kada wani ya ce ai matuƙa ba sa barci. Ranar 15 ga Agusta 2022, jirgin Ethiopian Airlines da ya taso daga Khartoum ya wuce filin jirgin Addis Ababa yana can ƙafa 37,000 a sama. Hasumiya na ta kira, shiru. Ƙarar gargaɗi ce ta tashi matuƙan daga barci su biyun, suka juyo suka sauka bayan kusan minti 25. Na Mangalore a Indiya ya fi muni. A watan Mayu 2010, baƙin akwatin jirgin Air India Express ya naɗi minsharin kyaftin, wanda ya kwashe fiye da awa ɗaya da rabi yana barci a hanyar dawowa daga Dubai. Ya farka cikin magagi, ya sauka a tsakiyar titin jirgi, mataimakinsa na ta cewa a sake tashi bai saurara ba. Mutum 158 suka rasu.

Saboda haka ni ina goyon bayan na'urar. Mai gajiya shi ne mutum na ƙarshe da ke sanin ya gaji, kuma bincike ya nuna wanda ya yi awa 17 ido biyu hankalinsa na raguwa kamar na wanda ya ɗan kurɓi barasa. Murya kuma ba sai an ɗaura wa mutum wayoyi a ka ba, dama yana magana da hasumiya.

Inda nake da ja shi ne, wa zai riƙe sakamakon? In kamfani ne zai ajiye shi a fayil ɗin ma'aikaci, ya zaftare alawus ko ya hana ƙarin girma, to an kashe abin tun ran gini. Matuƙa za su koyi yi wa na'ura murya, a sha gahawa mai ɗaci, a gyara zama, a yi minti biyu ana magana garau, a wuce. Ga kuma mura, ga ƙarar inji, ga rediyon da ke yanke rabin murya. Sannan Turanci ake yi a sama, kuma yawancin matuƙan duniya ba da shi aka haife su ba. Bahaushen da ya ɗan tsaya neman kalma, na'urar da ta saba da bakin Ba'amurke za ta ce gyangyaɗi yake?

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne na Batik Air a Indunusiya, 25 ga Janairu 2024. Kyaftin da mataimaki sun yi barci tare na minti 28 a hanyar Kendari zuwa Jakarta, har jirgi ya kauce hanya. Mataimakin nan tagwaye gare shi 'yan wata ɗaya, yana tashi da dare yana taya matarsa raino, ga ƙaura zuwa sabon gida, ga aiki tun kafin asuba. Kuma rahoton binciken ya ce tun suna shirin tashi daga Jakarta ya faɗa wa kyaftin da bakinsa cewa bai samu isasshen hutu ba. Babu wata kwamfuta da ake buƙata ta tono wannan. An ji shi, aka ba shi ɗan barci a hanyar zuwa, aka ci gaba da tafiya da shi a kujerar mataimaki.