Ni da Sojojin Gara a Gindin Shuri

A gidanmu Kano babu mai yi wa naman kaza, wato laimar kwaɗi, kallon abinci. Sai da aikin koyarwa ya kai ni wani ƙauyen Gbagyi a yankin Kagarko na ci shi a miyar agushi, kunnena ya motsa. Cikin watan Agusta, da aka kwana ana ruwa, na maƙale wa maƙwabciyarmu, wata dattijuwa, sai na bi ta daji.

Tun a hanya na fara abin kai. Na hango wasu farare manya cikin ciyawa, na tsinko ina washe baki. Mama ta juya ɗaya, ta nuna min ƙasansa ya yi kore-kore.

"Malam, wannan amai da zawo ne, har asibiti."

Na ce ai ga ƙwari sun ci gefensa. Ta ce, "Cikinka da na ƙwaro ɗaya ne?"

Wanda take nema a jikin shuri yake fitowa, don gara ce ke noma shi a cikin gidanta. Yana da ɗan tsini a tsakiyar kansa, da doguwar saiwa da ta nutse ƙasa. Ita da itace take tonowa. Ni kuwa, mai digiri, na durƙusa na zura hannu. Wani sojan gara mai jan kai ya kama min ɗan yatsa ya ƙi saki, 'yan uwansa suka bi ta ƙafar wando. Rawar da na taka a wurin ko a bikina ban yi ta ba, ga ɗalibaina biyu a kan hanyar gona sun tsaya suna gaishe ni cikin ladabi.

Duk da haka na cika leda. Mama ta ce a dafa yau, ni kuma na ƙulle bakin ledar na ajiye sai gobe Juma'a.

Da safe ihun uwargida ya tashe ni. Muka tsaga kowane ɗaya a tsaye: duk ramuka, fararen tsutsotsi na kai da komo. Muka jiƙa masu dama-dama a ruwan gishiri, tsutsa ta taso ta rufe saman roba. Abin da ya tsira bai cika ludayi ba.

Ta kalli ludayin, ta kalli yatsana da ya kumbura.

"Baban Ummi, kawo kuɗin kifi."