Sega ta karɓe takobi ta miƙa karta: ina kuskuren yake?

A ƙarshen 2003 kamfanin Sega na Japan ya fitar da wasan bidiyo mai suna Phantasy Star Online Episode III: C.A.R.D. Revolution a kan na'urar GameCube, ya isa Amurka da Turai a 2004. Duk wanda ya saye shi don ganin lamba uku a jikin kwalin ya ɗauka zai ci gaba da abin da ya saba ne, wato ya ɗauki takobi ko bindiga, ya sauka duniyar Ragol, ya yi ta saran dodanni. Sai ya tarar da fili mai gida-gida, da ƙwayoyi biyu irin na lido, da karta talatin da zai zaɓa ya tsara da kansa.

Har yau idan zancen wasan ya taso, abin da ake yawan faɗi shi ne karta ce ta kashe shi. Ni ban yarda ba. Tsarin kartar yana da kyau ƙwarai. Kowane zagaye ana jefa ƙwaya biyu, babbar lamba ta zama kuɗin da za ka kashe wajen motsi da kai hari, ƙaramar ta zama ta kariya. Ɓangarori biyu ne, kuma ba iri ɗaya suke faɗa ba. Mafarautan gwamnati, Hunters, makamai da garkuwa suke ɗora wa mutum ɗaya, sai an farfasa su kafin a taɓa lafiyarsa. 'Yan tawayen Arkz kuwa dodanni suke kirawowa su cika fili, su kuma su laɓe a baya. Daidaita ɓangarori biyu masu bambancin dabara irin haka aiki ne ja, kuma Sonic Team, sashen Sega da ya ƙera wasan, ta yi shi shekara goma kafin Hearthstone ya fito a 2014 ya sa wasan karta na kwamfuta ya zama ruwan dare. Ƙorafin da na yarda da shi shi ne na ƙwayar: mutum ya kwana yana tsara karta, ƙananan lambobi su fito masa sau uku a jere, shi ke nan an gama da shi.

Matsalar tana wani wuri dabam. A tuna me ya sa mutane suka so wasan Phantasy Star Online na farko da ya fito a na'urar Dreamcast a Disambar 2000. Faɗansa ba wani abin a zo a gani ba ne, sara uku ne a jere ana ta maimaitawa. Abin da ya riƙe mutane shi ne haɗuwa. Mutum huɗu daga ƙasashe dabam-dabam za su shiga daji tare ta layin tarho, wannan yana sara, wancan yana warkar da wanda ya ji rauni. Har tsarin zaɓen jimloli aka yi masa, ɗan Japan ya zaɓi magana da harshensa, ta bayyana wa Bafaranshe da nasa. Ga kuma jarumin da kai ka ƙirƙira, ka raɗa masa suna, ka yi wata da watanni kana renonsa, kana jiran ranar da jan akwati zai faɗo da makamin da ba kowa ke da shi ba.

Kashi na uku ya taɓa waɗannan biyun duka. Abokin da kuke rufa wa juna baya jiya, yau shi ne a ɗaya gefen filin yana neman kayar da kai. Akwai wasan biyu-biyu, gaskiya ne, amma ruhin abin gasa ne. Jarumin da ka ƙirƙira kuma an mayar da shi kwamanda, ba ya shiga fagen daga, wasu jarumai da marubutan labarin suka tanada ne ke faɗan a madadinka. Wanda ya zo don zumunci da reno bai sami ko ɗaya yadda ya saba ba.

Wasu na cewa da Sega ta cire lambar, ta sayar da shi a matsayin wasan gefe kamar yadda kamfanin Konami ya yi da wasan kartarsa Metal Gear Acid a 2004, da ba a ji haushi ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, tunda labarin ya ɗora ne shekara 21 bayan na baya, jirgin sararin samaniya Pioneer 2 na nan yana kewaya Ragol, don haka mai son jin ƙarshen labari dole ya koyi karta ko yana so ko ba ya so. Amma Sega ɗin ce da kanta ta rushe wannan hujja daga baya. A 2020 ta fitar da Yakuza: Like a Dragon, wanda a Japan lamba bakwai yake ɗauke da ita ƙiri-ƙiri, ta sauya dambe da faɗan bi-da-bi, ta sauya jarumi, ta koma birnin Yokohama. An yi gunaguni kafin ya fito, da ya fito aka karɓe shi, har aka yi masa ci gaba a 2024 a kan wannan tsari. Dalili kuwa, masu son Yakuza labari da yawon gari da barkwanci ne suka kawo su, kuma ba a taɓa musu ko ɗaya ba.

Lokacin ma bai taimaki Episode III ba. GameCube ba ta zuwa da hanyar shiga intanet, sai ka sayi wani ƙarin abu ka maƙala mata, sannan ka riƙa biyan kuɗin wata-wata. Wasan gasa kuwa ba ya rayuwa sai da abokan karawa masu yawa. Sega ba ta jira ba, a 2004 ta fito da Phantasy Star Online: Blue Burst a kwamfuta, ta mayar da takobi hannun mutane, kashi na huɗu ya biyo ta nan ba tare da karta ko ɗaya ba. A 2007 aka rufe hanyar intanet ta wasannin GameCube ɗin, kuma Episode III bai taɓa fitowa a wata na'ura ba. Masu buga shi da juna ta intanet a yau, ta tashoshin da magoya baya suka kafa da kansu suke haɗuwa.