Baƙon Da Kuɗin Motarsa Ya Ƙare A Tasha

Jama'a, assalamu alaikum.

Duk mai shiga tasha, Unguwa Uku ce a Kano ko Kawo a Kaduna, ya san wannan: mutum ya matso, ya sassauta murya, ya ce, "Bawan Allah, an yanke mini aljihu, kuɗin komawa gida nake nema." Yawancinmu ɗayan biyu muke yi. Ko mu ce "Allah ya ba da sa'a" mu wuce saboda tsoron 'yan damfara, ko mu miƙa masa ɗari biyu don mu rabu da shi. A ganina duka biyun ba su yi ba. Na farkon ya bar mai gaskiya cikin wahala, na biyun kuma bai kai kowa gida ba.

Matafiyin da guzurinsa ya yanke yana cikin mutane takwas da aka ambata a Suratut Tauba, aya ta 60, waɗanda ake bai wa zakka. Malamanmu na Malikiyya sun ce ana ba shi ko da mai dukiya ne a garinsu, matuƙar bai sami mai ranta masa ba. Haƙƙi ne ke nan. Abin da ya rage shi ne a iya bayarwa.

Ka ja shi gefe tukuna, kada ka yi masa tambaya a gaban mutane. Ina za shi, wace unguwa, akwai wanda za a kira? Ka ba shi wayarka ya kira. Sau da yawa maganar a nan take ƙarewa, domin ɗan'uwansa zai turo kuɗi ta hannun mai POS, kai kuma katin waya kawai ka kashe. In babu wanda ya ɗauka, ku tafi tare wajen motar garin. Kada ka ba shi kuɗin a hannu: ka biya 'yan kamasho da kanka, ka ga an rubuta sunansa a takardar fasinjoji, ka karɓi lambar direba. Wanda ya ƙi bin ka wajen mota, ya dage sai dai tsaba, ka riga ka sami amsa. Ka rabu da shi lafiya ba tare da zagi ba.

Ga inda masu kyakkyawar niyya suke tuntuɓe. Suna biya, su juya su tafi mota ba ta cika ba. Maƙaryaci sai ya sauko ya karɓi kuɗinsa. Saboda haka ka gaya wa ɗan kamasho a gabansa cewa in ya fasa tafiya, kai za a kira. Kuskure na biyu ya fi ciwo, domin mai gaskiya yake faɗa wa: a biya kuɗin mota cif, ba ko sisi a kai. Mutumin da ya wuni bai ci ba zai yi awa shida a hanya, ya sauka da dare a tashar da ke nesa da gidansu. Ka saya masa burodi da ruwa, ka ƙara masa abin da zai hau acaɓa ko a-daidaita-sahu. Kwatankwacin rubu'in kuɗin motar yakan isa.

In mace ce, ka nemi wata mace ta shiga tsakani, ko mai sayar da abinci ce a tashar. In yaro ne shi kaɗai, kada ka saka shi a mota ko da ya rantse ya san gida. Ka kai shi ofishin ƙungiyar direbobi ko wajen 'yan sanda, a nemo iyayensa.

Kuma don Allah a ajiye waya. Wanda ka ɗauka a bidiyo yana hawaye yana godiya yana da 'ya'ya da surukai da za su gani. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, ni kuwa ban ga gorin da ya kai wanda ake maimaita kallonsa a Facebook ba.

Karɓa ma sai an koya. Mutum mai mutunci yakan ji nauyi, ya ce "a'a, bar shi kawai" alhali ba shi da ko kwabo, har ya kwana a kan benci. Wannan kunya ba ta da amfani. A hadisin Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya umarci Sayyidina Umar ya karɓi abin da ya zo masa ba tare da roƙo ko kwaɗayi ba. Ka faɗi gaskiyar abin da kake buƙata, kada ka ƙara a kai don ka ga fuska. Ka ce "Allah ya saka da alheri", yaba kyauta tukwici ne. In ka isa gida ka kira ka ce ka sauka lafiya, daga nan ka bar lambar ta huta. Masu mayar da lambar wanda ya taimake su ta zama ta roƙon kowane wata su ne suke sa mutane rufe hannu ga na bayansu. In kuma ka ce rance ne za ka mayar, to ka mayar, ko da mai shi ya manta.

Karɓa ba ta hana lura. Abin sha da aka riga aka buɗe, daga hannun wanda ba ka sani ba a cikin mota, ka yi godiya ka ce ka ƙoshi. Ana zuba abin sa barci a yi wa mutum sata. In wani ya ce zai turo maka kuɗi, lambar asusu kaɗai yake buƙata, ban da lambar sirri ko wadda banki ke aiko maka ta saƙo. In ya ce ya yi kuskure ya turo fiye da kima, ka mayar masa da ragowar, ka duba asusunka da kanka ka ga kuɗin sun shiga kafin ka tura ko naira ɗaya.