Tunda Dogo Ya Riga Ni Watsa Bidiyon

Tunda Dogo ya ga dama ya jefa bidiyon nan na faɗuwata a gonar shayi a gurup ɗin majalisa, har ya kai ga surukaina na Daura sun gani, to ni ma bari in faɗi nawa. Abin da kuka gani guntu ne. Bai nuna ciyawar ba, bai nuna raɓar ba, kuma bai nuna cewa shi da bakinsa ya ce in matsa baya ba.

Kun dai san dalilin tafiyar. Ƙanen Ciyaman ya je bautar ƙasa Gembu, ya dawo da takardar shaida a hannu da maganar aure a baki. Aka sa rana, aka ce 'yan majalisa ne 'yan rakiya. Muka bar Katsina ana tsakiyar zafin bazara, muka bi ta Kano, Bauchi, Gombe, Numan, muka kwana a Jalingo. Washegari Bali, Serti, sai Mayo Selbe, inda hanya ta daina tafiya gaba ta koma tafiya sama. A nan ne Ciyaman ya ga ya dace ya karantar da mu tarihi: yankin nan a da yana cikin Kamaru ta Arewa ne, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 suka zaɓi shigowa Najeriya, shi ya sa har yau ƙaramar hukumar take ɗauke da sunan Sardauna, ita kuwa Taraba a 1991 aka cire ta daga Gongola. Duk gaskiya ya faɗa, amma babu wanda ya saurare shi. Kowa salati yake yi, domin in ka leƙa ta taga ba ka ganin ƙasa sai kan bishiyoyi can nesa. Direbanmu, wanda bai taɓa hawa abin da ya wuce gadar sama ta Kano ba, sai gumi yake, tsofaffin Land Rover kuwa maƙare da buhuna suna wuce mu suna mana hon.

Da muka ƙarasa saman Mambila kunnuwana suka toshe, sannan sanyi ya kama ni. Wurin ya haura mita 1,500 a sama da teku, mu kuwa Katsina ba mu wuce 500 da 'yan kai ba. Ni shadda kala uku na zuba a jaka, duk masu sitaci, da turare, da carbi. Ina waiwayawa sai na ga Dogo ya zaro jibgegiyar jaket har da safar hannu. Ashe ya kira ango tun muna gida, an gaya masa a zo da kayan sanyi, ya haɗiye maganar shi kaɗai. Da na tambaye shi sai ya ce wai ya ɗauka kowa ya sani. A Nguroje na sauka ina kaɗuwa na nufi mai gwanjo, rigar sanyin da ta shige ni ɗaya ce tak, ruwan hoda, da hoton kyanwa a ƙirji. Ita kuka gani tana leƙowa ta wuyan shaddata. Ba zaɓi na yi ba.

An ɗaura aure lafiya, an ci nama har an gaji, domin shanun can ko ba a faɗa ba ka san ba su taɓa jin labarin rani ba. Sai wani kawun amarya ya ce ai bai kamata baƙi su zo daga nesa haka su koma ba su ga gonar shayi ta Kakara ba, inda ake yin ganyen Highland da muke saye a kanti. Nan take kowa ya juyo ya kalle ni.

Ku tuna matsayina. Shekara da shekaru ni ke riƙe da butar majalisa a Ƙofar Ƙaura. Ni ke sayen gawayi, ni ke auna sukari, ni na san lokacin da ake jefa na'ana'a da lokacin da kanumfari ke ɓata shayi. Wurin wani Buzu mai gadi na koyi dahuwa uku, ta farko mai ɗaci, ta biyu daidai, ta uku zaƙi zalla. Gardama in ta tashi a kan shayi, ni ke yanke ta. Kuma na sha faɗa a gaban shaidu cewa koren ganyen da Buzaye ke dafawa da baƙin da mai shayi ke tsomawa a kofi, bishiyarsu ba ɗaya ba ce. Saboda haka ni aka tura gaba, ni na shiga kujerar gaban mota.

Muka tsaya a gefen wani tudu. Ko'ina ka duba kore shar, layi layi, an daidaita samansa bai wuce ƙugun mutum ba, kamar shingen furen da ake yi wa aski a gidajen GRA. Can gefe dogayen bishiyoyin turare. Wani dattijo mai hular sanyi da takalmin roba, wanda aka haɗa mu da shi ya zaga da mu, ya yi mana maraba da Hausarsa mai gardin Fillanci. Na gyara babbar riga, na yi gyaran murya, na ce, “Baba, wurin nan ya yi kyau ƙwarai, an yi masa ado. To gonar tana da nisa daga nan?”

Dattijon ya dubi fuskata, ya dubi ganyen da hannuna ke dafe da shi, ya sake duban fuskata. Ya ce, “Alhaji, ai ka jingina da ita.”

Ni abin da nake nufi shi ne babbar gonar, ta can ciki. Kowa mai hankali zai gane haka. Amma kafin in yi bayani Dogo ya riga ya durƙusa yana riƙe da ciki, Ciyaman ya juya baya kafaɗunsa na rawa. To wa ya taɓa nuna mini hoton bishiyar? A jikin kwali kofi suke zanawa da tururi.

Dattijon dai mutumin kirki ne, ya wuce wurin. Ya ce in aka bar ta sai ta zama bishiya sosai, da gangan ake datse ta don hannu ya kai, kuma don ta riƙa fitar da sabon toho. Ba kowane ganye ake tsinka ba, biyu na can sama kawai da ɗan tohon da ke tsakaninsu, bayan kwanaki a sake zagayowa kan layin. Ita kuma ruwan sama take so da yawa, da sanyi, da gangaren da ruwa ba ya kwanciya, shi ya sa ta samu wurin zama a nan. Ina ta gyaɗa kai ina cewa “haka ne, haka ne,” mutuncina ya fara dawowa, sai Dogo ya ɗaga murya yadda har mata masu tsinka za su ji: “Baba, don Allah, koren shayi da baƙi, bishiyarsu ɗaya?”

“Ɗaya ce. Wurin sarrafawa suke rabuwa. Baƙin ana barinsa ya sha iska har ya rine, koren kuma da wuri ake ba shi zafi don kada ya rine.”

Shiru. Har direba, wanda ko Lipton bai iya haɗawa ba, ya kalle ni da tausayi. Na ce to a Sin dai daban ne. Dattijon ya ce shi bai je Sin ba. Kuma don ku sani, akwai irin Sin mai ƙananan ganye, akwai irin Asam na Indiya mai faɗin ganye, wannan ba ni na ƙirƙira ba. Ko su biyun ana iya yin kore da baƙi da kowannensu, wannan wata magana ce daban, ba ita ake yi ba.

Daga nan ne na ce bari in nuna musu aiki, tunda baki ya gaza. Na roƙi wata baiwar Allah mai tsinka ta ara mini kwandonta. Ta goya mini shi a baya, ta gyara igiyar. Ita hannu biyu take aiki, yatsunta na tafiya a kan ganyen ba ta ko kallo, tana jefawa ta kan kafaɗa tana hira da ta kusa da ita. Ni ma na damƙa na fizga na jefa ta kan kafaɗa. Rabi ya faɗa ƙasa, rabi ya shige wuyan rigar kyanwa. Wanda ya samu shiga kwandon kuwa ta leƙa, ta sa hannu ta tsince shi ɗaya bayan ɗaya ta zubar, ta ce, “Alhaji, wannan tsoho ne. Wannan ma tsoho. Wannan reshe ne.” Na ce, “Inna, ai gwaji nake.” Ta ce wani abu da Fillanci, matan layi uku suka kwashe da dariya. Har yau kawun amarya ya ƙi fassara mini.

Sai Dogo ya ce, “Tsaya haka Alhaji, in ɗauke ka da kwandon. Ɗan matsa baya, dutsen nan ya fito a bayanka.” Ku lura, hoto ya ce. Bai ce bidiyo ba.

An kwana ana ruwa. Takalmina sau-ciki ne sabo, ƙasansa sumul, na ɗaurin aure. Na ɗaga ƙafar dama na ajiye a baya, ta sauka a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ta ci gaba da tafiya ba da izinina ba. Ta hagu ta tsaya tana tunani, sannan ta bi 'yar'uwarta. Na kai hannu na cafki reshen shayi, ya biyo ni. Kwandon ya ja ni ta baya, na zauna daɓas a kan jar laka tsakanin layi biyu, kuma da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Gangare ne. Na fara tafiya a zaune, babbar riga ta tattaro ta rufe mini fuska, ƙafafu a sama, ganye na marin kunnuwana ta dama da hagu. Masu cewa ihu na yi, ba ihu ba ne, Innalillahi nake ja, iska ce ta yanke ta. Hulata ta fice ta yi nata hanyar, ta riga ni isa ƙasa. Inda kuka ga hoton yana rawa, ba gudu Dogo yake ya cece ni ba, dariya ce ta hana shi riƙe wayar. Abin da ya tsayar da ni kuwa wata 'yar magudanar ruwa ce da aka haƙa a gindin layin, na shiga cikinta daidai wa daida, sai ka ce an auna ni.

Duk wannan zan iya yafewa. Yaron nan ne ba zan yafe wa ba. A bakin magudanar yake zaune, bai fi shekara goma ba, sanye da rigar sanyin da ta fi tawa mutunci, yana cin piya da ɗan tsinke. Na taho tun daga sama a kan idonsa. Bai tashi ba, bai matsa ba, bai ma yi dariya ba, wanda da ya yi da na san yaro ne. Na yaye rigar daga fuskata muka haɗa ido, ya lashe tsinkensa, ya ce, “Sannu Alhaji.” Na ce yawwa. Ya ƙara yankar piya, ya tauna a natse, sannan ya ce, “Rannan ma saniya ta faɗo ta nan.” Ya ɗan yi shiru. “Amma ita ta tashi da kanta.”

Wane irin yaro ne wannan? Wa ya tambaye shi? A Katsina yaro ya ga babba a ƙasa ai kafin ka ce kwabo ya kama hannunsa, ya kaɗe masa riga, ya kawar da kai. Wannan kuwa da na ce ya miƙo mini hulata, sai da ya gama piyarsa tas, ya goge hannu a wando, ya ɗauko ta da yatsa biyu. Na zaro ɗari biyu na ba shi don dai in nuna masa ni ba saniya ba ce. Ya juya ta gaba da baya, ya ɗaga ta sama yana dubawa ko jabu ce. Da muka zo tafiya na hango shi ya tara wasu yara uku yana nuna musu tudun da yatsa, yana zana hanyar da na biyo tun daga sama har ƙasa. Yanzu haka na tabbata wurin ya samu suna.

Masana'antar ma mun shiga, amma ni daga baya nake tafiya, bayana a jikin bango. Na ga inda ake baza ɗanyen ganye a dogayen kwamaye iska na busa shi har ya yi yaushi, na ga injin da ke yayyanka shi ya murje, sannan a bar shi ya rine daga kore zuwa ruwan ƙasa, ya wuce wurin busarwa ya fito baƙi, a tankaɗe a ware manya da ƙanana. Sai an tsinko fiye da kilo 4 na ɗanye kafin a samu kilo 1 na busasshe, abin da ya sa na ƙara jin haushin ɗan abin da Inna ta zubar mini. Ƙamshin wurin dai ba a magana. Aka ba mu shayi muka sha, kowa ya juyo yana jiran hukuncina kamar yadda aka saba. Na kurɓa, na ce ya yi, sai dai da an sa citta. Babu wanda ya tanka.

Mai wankin unguwarmu ya ce jar ƙasar nan ba irin tamu ba ce, ya yi iya yinsa, shaddar sai dai a rina ta. Rigar kyanwa uwargida ta karɓe, wai ta ajiye wa hunturu. Dogo kuma har yanzu bai biya kasonsa na kuɗin mai na dawowa ba, Ciyaman shaida ne, kuma jiya da daddare kofi uku ya sha a butata yana tambayata ko wannan na Sin ne ko na Indiya.

Sannan wanda ya ɗauki filas ɗina a motar, mai jan murfi, don Allah ya dawo da shi. Ba nawa ba ne, na maƙwabta ne.