Bangon bayan murhu, mu daina zaɓen tayil da hoton waya

Jiya na leƙa gidan Yaya a Shara Mansur a Makka, na tarar da ita riƙe da tsohon buroshin haƙori tana gurzar bangon kicin, gumi sharkaf. Ko shekara ba a yi da gyaran nan ba. Ƙananan tayil farare ta sa, irin masu girman akwatin ashana, don ta gan su a Instagram sun burge ta. Na ce, "Yaya, ai wadda ta ɗora hoton nan shayi kawai take dafawa."

Mu kuwa me muke ɗorawa a wuta? Ƙosai, miyar manja, ga kabsa da kurkur ɗinta. Mai yana fantsama, tururi yana ɗauke shi ya manna a bango. Shi tayil mai sheƙi, shafa ɗaya da soso ya fita. Ciwon yana cikin layukan da ke tsakani, tarwibar nan da mu'allim, wato mai aikin tayil, yake cusawa. Siminti ce, tana shan mai kamar yadda tuwo yake shan miya, in manja ya shiga kuma ya shiga ke nan. Ƙaramin tayil, layi ɗari. Babban falle mai santimita 60 da 120, layi biyu ko uku ne a duk bayan murhun. Ni dai a nan lissafina ya tsaya.

Masu son rukham, wato mabul, ku yi haƙuri da ni. Dutse ne mai kyau, amma asalinsa ɗan uwan farar ƙasa ne, duk abu mai tsami yana cin fuskarsa. Ɗigon lemun tsami, ruwan tsamiya, ko khal ɗin da muke goge-goge da shi, kowanne sai ya bar tabo dishi-dishi wanda sabulu ba ya fitarwa. A falo ya dace. Giranit ya fi shi juriya nesa ba kusa ba, sai dai nauyi da tsada.

Abin da na sa a nawa bursalan ne, wato tayil ɗin porcelain. An gasa shi da wuta mai ƙarfi har ruwan da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba, shi ya sa mai ba ya samun wurin zama. Na ɗauki mai santsi, ba mai gurza-gurzan da ake ce wa kamar dutse ba, don ƙura da maiƙo a ramukan suke kwana. Tarwiba kuma na nace sai ta ifoksi, wadda ta gam ce ba siminti ba, mai ruwan toka. Mu'allim ya yi ta ƙunƙuni wai tana saurin daskarewa, tana ba da wahala. Gaskiyarsa ne, na ƙara masa kuɗin hannu.

Gilashin sikurit, wanda ake gasawa don ya yi ƙarfi, shi ma ba laifi, ba layi ko ɗaya, amma a huda wurin soket tun kafin a gasa shi, bayan nan ba ya yankuwa. Sitikar roba da 'yan haya suke liƙawa kuwa, kusa da gas narkewa take yi tana tattarewa, ban yarda da ita ba ko kyauta.

Yaya ta ce sai bayan Hajji za ta ɓamɓare nata. Na bar mata sabon buroshi.